A auna ruwa kafin a ɗauki shebur: jagorar farfaɗo da fadama daga darasin Haɗeja da Nguru

Baƙon da ya ratsa fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru a ƙarshen damina zai ga kore shar iya ganinsa, ya ce wurin nan ya samu albarka. Sai ya sauka ya tambayi masunci. Kaso mai yawa na koren nan kachalla ce, ciyawar da ta toshe hanyar kwale-kwale, ta cinye gonakin shinkafa, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki. Ruwa na nan a ƙarƙashinta, har ma ya yi yawa a wasu wuraren, amma fadamar tana ciwo.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Chalawa kuma a 1992, dukkansu a kan rassan kogin Haɗeja. Kafin su, kogin yakan cika ya batse a Agusta da Satumba, ya malale fili, sannan ya janye, har wasu rassansa su ƙafe da rani. A shekarun 1960 zuwa farkon 1970 ambaliyar kan rufe sama da murabba'in kilomita 2,000. Da fari ya haɗu da madatsa a shekarun 1980, sau da yawa ko rabin haka ba ta kaiwa. Bayan haka aka shiga sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani. Babbar ambaliya ta ragu, ƙafewar rani ma ta ɓace. Ita kuwa kachalla abin da take nema ke nan: ruwa marar zurfi da ba ya tafiya ko'ina. Ta kama bakin rassan kogin, laka ta taru a gindinta, ruwa ya karkata ya bi ta hanyar ruwa ta Marma ya zube a tafkin Nguru, na can ƙasa wajen Gashuwa suka koma dogaro da kogin Jama'are.

Abin da fadama ke rayuwa da shi shi ne zuwan ruwa da tafiyarsa. Wannan jagora ta ƙungiyar masunta ce, da kwamitin gari, da malamin gona, da ɗalibin da ke son aikin da zai amfani garinsu. Ko tabki ne ƙarami a bayan gari, tsarin ɗaya ne.

Mataki na 1: Ku fara da tsofaffi da tabarma

Kada ku sayi komai tukuna. Ku tara sarkin ruwa, da bulama ko mai unguwa, da arɗon makiyayan da ke sauka wurin, da mata masu banda da masu saƙar kaba. A zana taswirar wurin a ƙasa, da tsinke da duwatsu, sannan a kwafe ta a takarda. A tambayi dattawa: ina ruwa yake kaiwa a shekarar cika lokacin ƙuruciyarsu? Ta wace hanya yake shigowa, ta ina yake fita? A wane wata ake iya taka ƙasan tabkin da ƙafa? Wane kifi aka daina gani?

Amsa irin "har gindin tsamiyar can" ta fi "da yawa" amfani nesa ba kusa ba, domin tsamiyar tana nan, za a iya zuwa a ɗauki lambar wurinta da waya. Itatuwa ma shaidu ne. Giyayya da bagaruwa suna jure tsayuwa cikin ruwa na wani lokaci, don haka inda kuka ga layinsu a busasshen fili, ruwa ya taɓa saba zuwa nan. Ku ware zaman mata daban idan a gaban maza ba za su yi magana ba. Su ne suka san ko kifin da ake kawo musu ya ƙanƙance.

Mataki na 2: Ku auna ruwan

Nan ne ya kamata a daɗe, domin duk abin da zai biyo baya a kansa yake tsaye.

Tsayin ruwa. Ku samu ƙarfe ko katako mai ƙwari, ku yi masa alama da fenti duk santimita 10, ku kafa shi da siminti a inda ruwa ke daɗewa. Ƙafar gada ta fi, tunda ba mai tuge ta. Mutum ɗaya ya riƙa karantawa kowace safiya a lokaci guda, bayan sallar asuba misali, ya rubuta kwanan wata da lamba a littafi. Idan ya yi tafiya, a bar gurbin ranar a buɗe. Kada a cike da ƙiyasi. Bayan shekara ɗaya za ku san ranar da ruwa ya iso, ranar da ya kai ƙololuwa, da kwanakin da ƙasa ta yi a bushe. Wannan na ƙarshen shi mutane suka fi mantawa, alhali shi ke gaya muku ko kachalla za ta samu gindin zama.

Faɗin ambaliya. A makon da ruwa ya kai iyakarsa, mutum biyu su zagaya gaɓarsa da waya mai manhajar auna fili, irin wadda ake auna gona da ita. Za ta ba ku hekta. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce. Idan wurin ya fi ƙarfin zagayen ƙafa, ku nemi wani ɗalibin jami'a ya ciro muku hotunan tauraron ɗan Adam. Na Landsat sun faro tun 1972, wato kafin a gama Tiga. Na Sentinel-2 sun faro a 2015, suna dawowa kan wuri kusan duk kwana biyar. Duka kyauta ne. Matsalarsu biyu: hadari yakan rufe su a Agusta, kuma ruwan da ke ƙarƙashin kachalla ba ya fitowa sosai a hoto. Shi ya sa ba sa maye gurbin ƙafa.

Gudun ruwa a hanyar da ke shigo da shi. Ku zaɓi miƙaƙƙen wuri mai tsawon mita 10. Ku auna faɗin ruwan, ku auna zurfinsa a wuri biyar daga wannan gaɓa zuwa waccan, ku fitar da matsakaici. Ku jefa lemo ko gorar roba mai rabin ruwa a tsakiya, ku ƙirga daƙiƙun da za ta yi kafin ta ci mita goman; a yi sau uku. A ce faɗin mita 6 ne, zurfin rabin mita, gorar ta yi daƙiƙa 20, wato rabin mita a daƙiƙa. Shida sau rabi sau rabi ya ba da 1.5. Sai a ninka da 0.8, saboda ruwan sama ya fi na ƙasa da na gefe sauri. An samu 1.2, ma'ana lita 1,200 a kowace daƙiƙa, duro shida ke nan. Ku yi haka a sama da inda ya toshe, ku sake yi a ƙasansa. Bambancin zai nuna muku inda ruwan ke ɓacewa.

Rijiyoyi. Ku zaɓi uku zuwa biyar, wasu kusa da fadama wasu nesa. Ranar ɗaya ga kowane wata, da sassafe kafin a fara ja, a zura igiya mai dutse a auna daga baki zuwa saman ruwa. Ambaliya ce ke shayar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma rijiya ce ke fara tona asirin shekarar da ba ta zo ba.

Tsabtar ruwa kuwa, murfin bokiti ya isa a fara: a yanka shi ya kai faɗin santimita 20, a shafa masa fari da baƙi, a ɗaura masa nauyi, a riƙa zura shi har ya ɓace wa ido, a rubuta zurfin. Idan kuna ganin kifi yana tasowa yana haƙi a saman ruwa da asuba, iskar da ke cikin ruwan ta yi ƙaranci. Waɗanda ke ƙasan masana'antu, kamar masu zama a bakin kogin Chalawa inda ruwan majemun Kano ke gangarowa, ido ba zai ishe su ba. Sai an kai ruwan ɗakin gwaji. Masu shiga ruwa su sa dogon takalmin roba, saboda tsargiya tana son irin wannan kwantaccen ruwa mai ciyayi.

Mataki na 3: Ku ƙirga masu rai

Ba wanda zai iya ƙirga kifin da ke cikin tabki, kuma ba a bukata. Abin da ake aunawa shi ne abin da ƙoƙari iri ɗaya ke kawowa. Ku zaɓi masunta goma da suka yarda. Rana ɗaya a mako, a bakin ruwa, a rubuta kayan da kowa ya yi aiki da shi, birgi ne ko kalli ko gura ko mamari, da awannin da ya yi, da nauyin abin da ya kamo a sikeli. Sannan a ware iri-iri: tarwaɗa, ƙarfasa, bargi, ƙurungu, ragon ruwa, giwan ruwa, gaiwa. A auna tsawon guda ashirin daga manyan iri biyu ko uku.

Kada nauyin daro ya ruɗe ku. Daro zai iya cika kamar da, amma da 'yan ƙananan da ba su taɓa yin ƙwai ba. Idan tsawon kifi yana raguwa shekara bayan shekara, kuma tarwaɗa da gaiwa, masu jure ruwa marar iska, suna rinjayar giwan ruwa, to akwai magana.

Tsuntsaye sau ɗaya a shekara ya wadatar, a tsakiyar Janairu, lokacin da ake ƙirgar tsuntsayen ruwa a duniya baki ɗaya. A lokacin ne baƙin da ke ƙetaro Sahara daga Turai suke nan tare da kirinjijiya da ɗinya da zalɓe na gida. Saboda su ne aka keɓe Dagona a matsayin mafakar tsuntsayen ruwa, kuma suna cikin dalilan da suka sa tafkin Nguru da hanyar Marma suka shiga jerin fadamun Ramsar, yarjejeniyar duniya ta kare fadamu, a 2000. Ciyayi kuma, ku kafa turaku a layi daga gaɓa zuwa cikin ruwa, duk ƙarshen damina ku rubuta inda burgu da bado suke, da inda kachalla ta kai. Turaku ba sa gardama.

Mataki na 4: Ku sa wa fadamar kuɗi

Wasu na jin wannan kamar raini ne ga halittar Allah. Na fahimce su. Sai dai a teburin da ake raba ruwa, abin da ba shi da lamba ana ɗaukarsa sifiri ne. Shekara da shekaru ana kallon ruwan da ya malale a Haɗeja da Nguru a matsayin asara. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka lissafa noma, kamun kifi da itacen girki kawai na wannan fadama, suka kwatanta da shirin noman rani na kogin Kano. Da aka duba abin da kowane ma'aunin ruwa ke haifarwa, na fadama ya ninka na shirin fiye da sau ɗari. Kuma ba su sa kiwo da ruwan rijiya a wannan lissafi ba.

Ga yadda za ku yi naku. Ku jera duk abin da ake samu: kifi, shinkafar fadama, wake da sauran abin da ake shukawa a danshin da ruwa ya bari, kayan lambu, ciyawar dabbobi, itace, kaba da 'ya'yan goruba, kanwa, ƙasar bulo, ruwan sha. Kowanne a nemi abu uku: mutum nawa, nawa kowa ke samu, nawa yake kashewa. A ce masunta 40 ne, kowa na kama kifin naira 6,000 a rana, yana kashe 1,500 a gyaran raga da jirgi, suna fita kwana 120 a shekara. Ribar rana 4,500 ce. Sau 120, sau 40, ta kama naira miliyan 21 da dubu 600. Lambobin misali ne, ku sa naku.

Kurakurai huɗu ne suka fi ɓata irin wannan lissafi. Na farko, mantawa da abin da aka ci a gida. Kifin da ya shiga tukunya kuɗi ne, a sa masa farashin kasuwa. Na biyu, ƙirga abu sau biyu: idan kun sa ɗanyen kifi a hannun masunci, to a wajen mai banda ƙarin da ta samu kawai za ku sa. Na uku, ɗaukar farashin rana ɗaya, alhali na kaka daban na bazara daban. Na huɗu, a yi lissafi da naira kaɗai. Da yadda kuɗi ke zubewa, miliyan ɗin bana ba na baɗi ba ne. Ku riƙa rubuta buhu nawa, kilo nawa, a gefen kuɗin.

Abin da ba a sayarwa, a tambaya: in babu shi, nawa za a kashe a maye gurbinsa? Kiwon rani a fadama, kuɗinsa shi ne harawa da dusar da garken zai ci a watannin nan. Ruwan rijiya, kuɗinsa shi ne abin da za a ba 'yan garuwa, ko ƙarin man da injin ban-ruwa zai sha idan ruwa ya yi ƙasa da mita ɗaya. Akwai kuma abin da ba ya shiga ma'auni, kamar bikin kamun kifin Bade a Gogaram. Ku rubuta shi da kalmomi a shafinsa, kada ku ƙaƙaba masa lamba.

A ƙarshe ku raba jimillar gida-gida: nawa ke zuwa ga manoma, nawa ga makiyaya, nawa ga masunta, nawa ga mata. Wannan shafin ne zai gaya muku wanda zai goyi bayan gyara da wanda zai tsaya a hanya.

Mataki na 5: Ku gano ciwon kafin magani

Ku ɗora littafin ruwa a kan na kifi da na kuɗi. Galibi ɗaya ne daga cikin huɗu: ruwa ba ya isowa, ruwa ba ya tafiya, ana kwasar fiye da abin da wurin ke haifarwa, ko ana zuba masa dauɗa. Kowanne maganinsa daban. Zuba 'ya'yan kifi a tabkin da hanyar ruwansa ta toshe zubar da kuɗi ne.

Mataki na 6: Gyara, daga hanyar ruwa

A fara da buɗe hanya, a bazara, lokacin da ruwa ya fi ƙasa. A faro daga ƙasa a yi sama, domin ruwan da aka saki ya tarar da mafita. Lakar da aka kwashe a kai ta nesa da gaɓa. In an tara ta a baki, ruwan farko zai mayar da ita. Kuma kafin a sa shebur, a je a gaya wa garin sama da na ƙasa. Yawancin rigimar ruwa a wannan yanki daga nan take tashi: wani ya fasa gaɓa ya ja ruwa gonarsa, wani can ya wayi gari cikin ambaliya ko cikin ƙishi.

Kachalla ba a cin ta da ƙarfi, da dabara ake ci. Saiwarta tana shaƙar iska ta cikin ganyen da ke sama da ruwa. In an sare ta a sama ko an banka mata wuta kawai, an yi mata aski ne, za ta tofo da ƙarfi. A yanke ta a ƙarƙashin ruwa, a bar akalla taƙi guda na ruwa a saman kututturen, kafin ta fitar da kan nan mai kama da gero. Ta sake tofowa, a sake yankewa, sau biyu ko uku a shekarar. A kwashe abin da aka yanke, kada ya ruɓe a ciki ya cinye iskar kifi. Inda za a iya janye ruwa gaba ɗaya, a bar ƙasa ta bushe ta tsage, a ƙone, a huɗa a fito da saiwar, rana ta dake ta. Inda aka share, a dasa burgu ko a shuka shinkafa nan take. Fili ba ya zama babu mai shi. A kwarin kogin Senegal, inda madatsar Diama ta jawo irin wannan bala'i bayan 1986, ana mayar da ciyawar gawayi. Abin koyi ne, domin aikin gayya yakan mutu a shekara ta biyu, amma aikin da ke kawo kuɗin cefane ba ya mutuwa.

Sai dokar kamun kifi. Ba sabon abu ba ne a wurinmu: a Argungu, kogin Matan Fada a rufe yake sai lokacin biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai an taru a ɗaga. Ku keɓe gurbi mai zurfi guda da ba a taɓawa ko da rani ya yi tsanani, nan iyayen kifi za su tsira. A dakatar da kamun kifi a makonnin farkon cikar ruwa, lokacin da kifi ke hawa fili ya yi ƙwai. A hana dumba, wato shingen tarkon kifi, ta datse hanya daga gaɓa zuwa gaɓa. A bar tsakiya a buɗe. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta Najeriya ta 1992 ta haramta guba da abin fashewa, ta kuma sa ƙaramin idon raga ya zama milimita 76, kusan inci uku. Gidan sauro ba raga ba ne. Amma dokar da ba a tanadi abin da masunci zai ci a watan rufewa ba, da dare za a karya ta, kuma ba zan ga laifinsa sosai ba. Ku tsara adashi ko rance na wannan wata tun kafin a yi shela.

A gaɓa, a bar ɗamara ta mita 10 zuwa 20 da ba a nomawa, a dasa jema da giyayya da bagaruwa su riƙe ƙasa. A fitar da burtali da mashaya a kafa musu alama, tare da makiyayan, ba a bayan idonsu ba.

Mataki na 7: Ku ɗauki littafin ku hau sama

Akwai iyakar abin da lauje da shebur za su yi. Muddin ana sakin ruwa daga sama babu rani babu damina, kachalla za ta dawo. Abin nema a wurin masu riƙe da ƙofofin madatsa biyu ne: saki mai ƙarfi a lokacin cikar damina, da tsagaitawa ta wasu makonni da rani don ƙasa ta sha rana. An gwada irin wannan a maƙwabta. A arewacin Kamaru, madatsar Maga ta 1979 ta busar da babban sashe na fadamar Waza-Logone. A 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa da aka toshe, kimanin murabba'in kilomita 200 suka sake samun ambaliya, kifi da ciyawar kiwo suka fara dawowa.

Ƙofofin da za ku ƙwanƙwasa sanannu ne: Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ma'aikatun ruwa da na muhalli na jiha, da asusun kula da kwarin Komadugu Yobe da jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato suka amince da kafawa a 2006. Kogin Komadugu Yobe, wanda ruwan Haɗeja da na Jama'are ke haɗuwa su zama, bai tsaya a Najeriya ba. Manoman tattasai na Diffa a Nijar daga shi suke sha kafin ya kai Tafkin Chadi. Kada gari ɗaya ya tafi shi kaɗai. Ku haɗu da garuruwan da ke kan hanyar ruwa guda, ku rubuta takarda mai shafi biyu: tsayin ruwa wata-wata, hektar da kachalla ta ci, kuɗin da ake asara a shekara, da ranakun da kuke so a buɗe da waɗanda kuke so a rage. Ku bar kwafi a fadar hakimi da wajen ɗan majalisarku.

Karatun sandar ruwa da sikelin bakin tabki su ci gaba bayan an yi gyara, akalla shekara uku, domin damina ɗaya mai kyau za ta iya sa ku zaci aikinku ne. Littafin ya zama biyu, ɗaya a hannun mai karantawa, ɗaya a makarantar gari, kuma duk ƙarshen wata a ɗauki hoton shafin da waya a tura wa mutum uku.